Wa'adin Gidan Malam Haladu

Duk wanda ya bi ta layin bayan Islamiyya zai ga wani zogale da ya leƙo ta saman katangar gidan Malam Haladu mai kwaɗo. Matan layin kan shiga roƙon ganye, matar gidan ta tsinko musu da ɗan murmushi. Ba kowa ya san cewa zogalen nan a cikin bokitin fenti ya fara rayuwa ba, kuma saura ƙiris ya ƙare ta a ciki, duk saboda wata kalma guda da mai gidan ba ya son ji.

Shi Malam Haladu kwaɗo da sakata yake sayarwa a bakin kasuwa. Rabin ƙofofin unguwar da kwaɗonsa ake kulle su, amma shi tun da ya kawo ƙarfi bai taɓa kulle ƙofar da za a ce tasa ce ba. Haya yake yi, kuma hayar ba ta karɓe shi ba. Sau bakwai ana tashinsa. Wannan ya ce ɗansa zai yi aure, wancan ya ce shaguna zai fasa, wata tsohuwa kuwa cewa ta yi ta yi mafarki da shi, mafarkin bai yi mata daɗi ba, ya nemi wani wurin. Tun daga tashi na huɗu Malam Haladu ya ƙulla gaba da kalmar ita kanta. A gidansa ba a cewa "tashi". Ranar da aka kai masa amaryarsa Suwaiba, ko mayafi ba ta sauke ba ya karanta mata dokar: in asuba ta yi, kada ta kuskura ta ce masa ya tashi, ta ce an kira salla. Ƙullun fanke kumbura yake yi. Mota a tasha kama hanya take yi. Ko kaza ce ta buɗe fiffike ta haye katanga, tsalle ta yi.

Suwaiba da ma ba mai yawan magana ba ce, don haka dokar ba ta yi mata nauyi ba. Shekara shida tana kiyayewa, ko sau ɗaya ba ta yi suɓul da baka ba. Karatunta bai yi nisa ba, iyakarta aji biyu na sakandare. Tana rubuta sunanta, tana karanta saƙon waya in ba a cika masa Turanci ba. Abin da Allah ya hore mata shi ne ido. Za ta zauna a gefe kamar ba ta wurin, amma babu abin da ke wuce ta. A cikin tashi bakwai ɗin nan, uku da ita aka yi, kuma kowane karo akan ɗora gado da kwanuka a kura, ita kuma ta biyo baya rungume da bokitin zogalenta. Ɗan haya ba ya shuka a ƙasa. In zogalen ya yi tsawo ta sare kansa, ya sake tofowa, ta sake sarewa. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba, amma duk burinta bai wuce ta ga ranar da za ta fasa bokitin nan ba.

Ana nan sai ga notis na takwas. Alhaji Tanimu, mai gidan da suke ciki, ya ba su wata uku. Malam Haladu ya kwana biyu ba ya cin abincin kirki, a rana ta uku ya shirya ya tafi ƙauye ya sayar da gonar da ya gada. Suwaiba ta ce a haɗa da shanunta biyu na gadon mahaifinta. Wani dillali mai suna Ɗanliti, wanda bakinsa ba ya hutawa sai in ya sa loma, ya samo musu gidan wani dattijo, Alhaji Barau, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa da ke son komawa kusa da 'yarsa. Ɗaki uku ne da rijiya, ga kuma satifiket na gwamnati. Ranar da aka je gani, maza suna ta ƙwanƙwasa bango suna duba rufi, ita Suwaiba tsakar gidan ta tsaya kallo. Ba siminti, jar ƙasa ce mai laushi. Ta faki ido ta tura babban yatsan ƙafarta a ciki, ya shige. Aka yi ciniki, Alhaji Barau ya sallama, Malam Haladu ya ba da kafin alƙalami.

Daga ranar ko tafiyarsa ta canza. Ya shiga rumfarsa ya sauko da wani ƙaton kwaɗo da ya shekara tara a rataye ba mai saya saboda tsada, ya jefa a aljihu. Ko'ina da shi yake zuwa, har masallaci, riga ta karkace gefe guda. Wata safiya ya yi kiciɓis da Alhaji Tanimu a ƙofar gida, ga mutane a zaune, ya ce masa, "Alhaji, notis ɗin nan naka, in ka samu lokaci ka jiƙa ka sha. Ni da haya har abada."

Alhaji Tanimu ya ce, "Allah ya sanya alheri. Asabar ta ƙarshen wata dai nake son makullina."

Suwaiba tana bayan ƙyaure tana shara, ta ji komai. Ta ci gaba da shararta.

To, tana da wata 'yar yayar mahaifiyarta lauya, Barista Lantana. Ita ce da ta ji labari ta ce kada a ƙara ba da ko sisi sai an yi bincike a ma'aikatar ƙasa, kuma tunda akwai shanun Suwaiba a ciki, har da sunanta za a rubuta takarda.

Malam Haladu ya ce, "Binciken me kuma, Barista? Gida ga shi a tsaye. Na shafa bangonsa da hannuna, na leƙa rijiyar na ga fuskata."

"Na san wasu mutum uku da suka leƙa rijiya ɗaya, kowa ya ga fuskarsa, kowa ya biya," in ji Barista. "Yau shekararsu huɗu suna ganin fuskar juna a kotu. Bari a duba ko sunan da ke satifiket shi ne a fayil, ko an jinginar da gidan a banki, ko akwai wata shari'a a kansa."

Binciken ya ci sati uku. Aka turo safiyo ya auna filin. Malam Haladu ya rufe rumfa ya bi shi, shi ne mai riƙe bakin igiyar awo, in safiyo ya juya baya ya ɗan matsa ya ƙara wa kansa ɗani guda. Dutsen iyaka ɗaya ya ɓata, aka yi ta nema, ƙarshe a ƙarƙashin turken akuyar maƙwabci aka tono shi, ita kuma akuyar ta rama da cinye gefen takardar safiyo. Bayan wannan Barista ta ce in an sa hannu za a nemi amincewar gwamna, don ba a mayar da satifiket daga sunan wani zuwa na wani sai da ita.

Malam Haladu na jin an ambaci gwamna ya yi sallama ya fice. Da ya dawo gida ya ja matarsa gefe, ya rage murya.

"Suwaiba, kin tuna bara da na buga waya gidan rediyo kan maganar kwatar bakin kasuwa?"

"Na tuna, Malam."

"Na yi zafi da yawa?"

"Ka dai ce in gwamna ya zo kasuwa, a cikin kwatar za ka zaunar da shi."

"Amma ban faɗi sunana ba ko?"

"Ka ce Mai Gaskiya daga Bakin Kasuwa."

"Yauwa."

"Sai dai a ƙarshe ka ce duk mai son kwaɗo mai ƙwari ya nemi Haladu."

Tun daga ranar babu majalisar da Malam Haladu zai zauna bai yabi gwamna ba, da ƙarfi, yana waige-waige ko akwai mai kai rahoto. Ya ɗinka sabuwar shadda saboda ɗan hoton da za a manna a fayil, ya ce wa mai hoto ya ɗauke shi a yanayin biyayya. Barista ta yi ta gaya masa fayil ne kawai zai bi ofis-ofis, ba mai tunawa da wata kwata, bai yarda ba.

Ranar Alhamis aka tsayar za a sa hannu, Asabar kuma notis ke cika. Kaya duk an ɗaure, kwanuka na buhu, tukunya ɗaya da cokali biyu kawai aka bari a waje. Da safe Suwaiba ta zuba wa zogale ruwa, ta ce masa a ranta ya ƙara haƙuri, saura kwana biyu.

Ofishin Barista a saman bene yake, kan wani kemis. Alhaji Barau ya zo da sandarsa, da satifiket a naɗe cikin leda uku. Kunnensa ɗaya ya daɗe da yin ritaya, ɗayan ma rabin aiki yake yi. Ɗanliti ya zo da sabuwar hula, tun la'ada ba ta shigo hannu ba. Suwaiba ta zauna a bakin kujera can kusa da ƙofa, ta ja hijabi ta rufe har yatsun hannu. Malam Haladu ya ciro kwaɗonsa ya ɗora a kan tebur, kusa da takardu.

"Bincike ya fito lafiya," in ji Barista. "Suna ɗaya ne, ba jingina, ba shari'a. Ga yarjejeniyar nan kwafi huɗu. Amma ni ba na bari mutum ya sa hannu a kan abin da bai ji da Hausa ba." Ta gyara tabarau, ta bi wani layi da yatsa. "Abu na farko da ya kamata ka sani, Malam Haladu, wa'adinka saura shekara sittin da ɗaya."

Fuskar Malam Haladu ta fara washewa a hankali.

"Sittin da ɗaya? Barista, ashe har wannan kuke dubowa a ma'aikatar ƙasa?"

"Shi ne ma farkon abin da ake dubawa."

"Ikon Allah. To da ma su ne masu ƙasar, su za su san ranar da za ta karɓi mutum." Ya juya wajen matarsa. "Kin ji ko, Suwaiba? Likitan nan da ya hana ni gishiri bai san aikinsa ba. Daga yau a mayar min da man shanu a miya."

Alhaji Barau, wanda kalmar wa'adi kaɗai ta samu shiga kunnensa mai aiki, ya matso da kujera. "'Yar nan, ni fa? Nawa ya rage min?"

Barista tana jera takardu, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ai kai Baba, kana sa hannu naka ya ƙare."

Alhaji Barau ya dubi biron da ke hannunsa. Ya ajiye shi a kan tebur a hankali, ya sa bakin sanda ya tura shi can ƙarshe, ya kama salati ƙasa-ƙasa.

Sai da aka ɗauki lokaci, Ɗanliti na magana da ƙarfi a kunnen tsoho, Barista na rantse-rantse, kafin kowa ya gane wa'adin takarda ake nufi, ba na rai ba. Suwaiba ta cusa baki cikin hijabi, kafaɗunta ne kawai ke rawa.

"Ku tsaya in yi muku dalla-dalla," in ji Barista. "A doka, ƙasa amana ce a hannun gwamna. Gini naka ne, zama naka ne, ka sayar in ka so, 'ya'yanka su gada. Amma satifiket da wa'adi ake ba da shi, shekara casa'in da tara."

"Casa'in da tara," in ji Malam Haladu. "Me ya hana a cike ɗari? Ɗayar ina ta tafi?"

"La'ada ce," in ji Ɗanliti.

Barista ta harare shi, ta ci gaba. "A cikin casa'in da tarar nan Baba ya ci talatin da takwas. Abin da ya rage shi kake saya."

Malam Haladu ya juya ya dubi tsohon kamar ya kama shi da hannu a tukunyar miyarsa. "Talatin da takwas, Alhaji? Kai kaɗai?"

"Me ya ce?" in ji tsohon.

Ɗanliti ya maimaita masa a kunne.

"A'a," in ji Alhaji Barau, "da iyali muka ci. Marigayiya ma ta ci talatin a ciki."

"Ɗanliti, kai ka ce min gida cikakke ne."

"Cikakke ne mana, Malam. Ɗaki uku, da idonka ka gani. Shekarun nan da ya ci ai na baya ne, tsofaffi, masu wahala, lokacin ko wutar lantarki babu a layin. Masu kyan ya bar maka."

"Abu na biyu," in ji Barista, "akwai kuɗin ƙasa da ake biyan gwamnati duk shekara. Ba wani abu ba ne mai yawa."

Ɗan murmushin da ya rage a fuskar Malam Haladu ya ɗauke.

"Duk shekara."

"Duk shekara."

"Barista, ke kin yi karatu, ni ban yi ba. Wurin da mutum yake zaune, ƙasar a hannun wani take, an yanka masa wa'adi, kuma yana biya duk shekara. Da Hausa me ake kiran wannan?"

Fanka tana ta juyawa a sama.

"Zumunci," in ji Ɗanliti.

"Haya," in ji Malam Haladu. "Haya sunanta. Wato na sayar da gonar ubana, baiwar Allahn nan ta sayar da shanun ubanta, don kawai in canza mai gida. Kuma duk masu gidan duniya a rasa wanda za a haɗa ni da shi sai mutumin da na ce zan zaunar a kwata."

"Ba haka ba ne, Malam Haladu. Ba mai zuwa ya ƙwanƙwasa maka ƙofa ya ce ɗansa zai yi aure. Duk manyan gidajen da kake gani a garin nan, irin wannan takardar ce da su."

"In sittin da ɗayan ta cika fa?"

"Sai a nemi sabuntawa."

"In aka ƙi fa?"

"Ni dai ba zan yi maka rantsuwa a kan abin da za a yi bayan shekara sittin ba. Amma dai..."

"Wato za a iya..." Ya tsaya. Kalmar ta zo masa maƙogwaro ta ƙi wucewa. Ya yi ta kaɗa hannu sama kamar mai korar kaji.

"Tashinka?" in ji Ɗanliti, wai shi taimako.

Suwaiba ta runtse ido. Malam Haladu ya miƙe tsaye, ya ɗauki kwaɗonsa ya mayar aljihu.

"Na fasa."

"Zauna tukuna, Malam Haladu," in ji Barista. "Shekararka nawa yanzu?"

"Arba'in."

Suwaiba ta dubi ƙasa. Ranar ɗaurin aurensu ma arba'in ɗin ce, kuma ta taɓa cin karo da wani katinsa na asibiti da ya girmi auren, shi ma arba'in.

"To mu bar ta a arba'in ɗin. Ranar da takardar nan za ta cika, kana da shekara ɗari da ɗaya."

"Kin ga abin da nake gudu ke nan. Yanzu da ƙarfina ma yaya na ƙare da masu kura? Tsoho ɗan shekara ɗari da ɗaya, ba haƙori ko ɗaya, a tsaye a bakin titi da katifa a ka, wa zai ba shi haya? Cewa za a yi ba shi da sana'a."

"Ni zan samo maka," in ji Ɗanliti. "Ka dai riƙe lambata."

Bai rufe baki ba wayarsa ta yi ƙara. Ya duba, ya ɗaga ta sama yadda kowa zai gani. "Ga mutumin nan mai gidan burodi, tun jiya yake nemana. Shi ya ce ko shekara goma ce ta rage yana so, tanda zai gina a tsakar gidan."

Suwaiba ta san rabin maganar Ɗanliti iska ce, amma wannan karon ta hango rubutun da ke fuskar wayar, kuma ta iya karanta "Burodi". Tanda a tsakar gidan. Daidai inda ta riga ta zaɓa a ranta, gefen rijiya, inda rana ke sauka da hantsi. Ta tuna jibi Asabar. Ta tuna Alhaji Tanimu da abin da aka ce ya jiƙa ya sha. Ta hango kura a gaba, ita a baya da bokiti, ba ma a san inda aka dosa ba.

"Malam," ta ce. Ko fankar ta fi muryarta ƙarfi.

"Bari, Suwaiba, maganar doka ake yi." Ya koma ya zauna, amma a bakin kujera, hannu dafe da aljihu. "Ɗanliti, a nemo min wani. Wanda ba wa'adi."

"Akwai na cikin gari. Takardar mai unguwa ce kawai da shaidu."

"Duk doka ɗaya ce ta hau kan ƙasar," in ji Barista. "Bambancin kawai, can ba ka da satifiket ɗin da za ka nuna in rigima ta ta..." Ta dubi fuskarsa. "In rigima ta kunno kai."

"To gidajen saman nan da kamfani ke ginawa fa? In ina hawa na uku, ina ruwana da ƙasa?"

"Su wani lokaci wa'adinsu ya fi wannan gajarta. Kuma ban da kuɗin ƙasa akwai na shara da na mai gadi."

"Ƙauye fa?"

"Can kuma ƙaramar hukuma."

Malam Haladu ya ce a sanyaye, "Har gonar da na sayar?"

"Har ita."

"Wato mahaifina Baffa ma ɗan haya ne, ya rayu ya mutu bai sani ba."

"Allah ya jiƙansa," in ji Alhaji Barau, da ya ji an ambaci mutuwa.

"Amin. Shi ya huta, ba a kai shi wurin lauya ba."

Wayar Ɗanliti ta sake ƙara. Alhaji Barau ya fara mayar da satifiket cikin leda ta farko, yana neman bakin ta biyu. Suwaiba tana kallon hannunsa.

Malam Haladu ya buga tebur da tafin hannu, ba da ƙarfi ba, don teburin na gilashi ne. "Barista, ki gaya min tsakaninki da Allah. Duk faɗin jihar nan babu wani ɗan wuri, ko taku shida ne, da mutum zai shiga ba wa'adi a takarda, ba kuɗin shekara, ba sai gwamna ya amince ba?"

Barista Lantana ta gaji. Ta cire tabarau ta murza ido.

"Akwai," ta ce. "Bayan filin idi. Ba satifiket, ba safiyo, ba la'adar Ɗanliti. Ko masu kura ba ka buƙata, a kafaɗa ake kai mutum."

"Wane layi ke nan?" in ji Ɗanliti, har ya gyara zama.

"Maƙabarta take nufi," in ji Alhaji Barau. Wannan kam ya ji ta sarai.

Malam Haladu bai yi dariya ba. Ya gyara zaman hularsa, ya harɗe hannu a ƙirji. "To wallahi can ya fi min. Shi ya sa ake ce masa gidan gaskiya. In mutum ya shiga ya shiga ke nan, ya miƙe ƙafa abinsa. Ba notis, ba mai zuwa ya ce masa fito."

Ba wanda ya lura da Suwaiba sai da ta iso bakin tebur. Ta fito da hannu daga cikin hijabi, ta ɗauko biron da Alhaji Barau ya kora can ƙarshe, ta dubi Barista.

"Yaya, a ina?"

Barista ta nuna mata. Ta sunkuya ta rubuta sunanta, harafi bayan harafi, tana cije leɓe, a kwafi na ɗaya, na biyu, har na huɗu. Sannan ta ɗan russuna, ta miƙa wa mijinta biron da hannu biyu, idonta a ƙasa.

"Sa hannu kawai, Malam," ta ce. "Can ɗin ma akwai ranar tashi."